Murar tsuntsaye: me ya sauya a jikin ƙwayar har tsuntsayen daji suka fara zuba?

Duk lokacin da murar tsuntsaye ta ɓarke a gonakin kaji, maganar da za ka fara ji a bakin masu kiwo ita ce ai tsuntsayen daji ne suka kawo ta, waɗannan masu ƙaura daga Turai lokacin hunturu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma fa an fara labarin ne daga tsakiya. Tun fil azal agwagwar daji da dinya da sauran tsuntsayen bakin ruwa suna ɗauke da ƙwayar mura a hanjinsu, su kasayar da ita cikin tafki, 'yan uwansu su sha, kowa ya tashi ya kama gabansa lafiya lau. Mugun nau'in nan mai kisa a ɗakin kaji aka haife shi, daga can ya tsallaka daji, kuma abin da ya faru da shi bayan ya shiga dajin, musamman daga 2020 zuwa yau, shi ne ya rikita lissafin masana.

Ƙwayar mura nau'in A ba ta da wani kaya mai yawa, gadonta gaba ɗaya guntaye takwas ne na RNA, wato zaren da bayanan halittarta ke rubuce a jiki, sunayensu PB2, PB1, PA, HA, NP, NA, M da NS. Wannan H da N ɗin da kuke ji a H5N1 daga HA da NA aka samo su, wato furotin biyu da ke saman ƙwayar, na farkon da shi take manne wa sel ta kutsa ciki, na biyun kuma shi ke sakin sabbin ƙwayoyin idan sun gama haihuwa za su fita. A jikin tsuntsayen ruwa an daɗe da sanin H iri 16 da N iri 9. To injin da ke kwafar wannan RNA ba ya duba aikinsa, ba ya gyara kuskure, kusan duk sabuwar ƙwaya sai ta fito da ɗan bambanci da uwarta, kuma tsuntsu ɗaya da ya kamu yana fitar da miliyoyi. Yawancin kurakuran nan shirme ne, wasu ma kashe ƙwayar suke yi, amma idan aka yi ta kwafa ba iyaka dole wata rana a faɗa kan kuskuren da zai yi mata amfani.

Babban sauyin da ke raba mura mai sauƙi da mai kisa a wuri ɗaya yake, ɗan ƙaramin wuri a jikin HA. Shi HA ba ya aiki sai an yanka shi gida biyu, kuma ƙwayar ba ta iya yanka kanta, sai ta jira sinadarin jikin tsuntsun ya yi mata. A nau'i mai sauƙi, mayankar tana da amino asid guda ɗaya tal na irin wanda ake buƙata, amino asid kuwa su ne tubalan da ake gina furotin da su, kowanne da harafinsa, jerin yakan zama PQRETR, kuma sinadarin da ke iya yanka wannan, dangin tirifsin, a hanji da hanyar numfashi kawai yake. Shi ya sa cutar take tsayawa nan, ɗan gudawa, ɗan raguwar ƙwai, shi ke nan. Amma da zarar an samu ƙarin amino asid irin arjinin (R) da laisin (K) a jere a wurin, irin PQRERRRKKR da aka gani a ƙwayar da aka samu a Guangdong ta ƙasar Sin, sai wani sinadari mai suna furin ya iya yankawa, shi kuwa furin kusan ba inda babu shi a jiki. Daga nan ƙwayar ta samu hanyar shiga hanta, zuciya, saifa, bangon jijiyoyin jini, ƙwaƙwalwa. Abin da mai kiwo ke gani kenan idan ya wayi gari ya tarar da kaji a zube, tukku ya yi shuɗi, ƙafafu sun yi jajaye kamar an ƙona, wasu wuya a murɗe.

Abin mamaki, cikin H goma sha shidan nan H5 da H7 ne kawai aka san suna yin wannan rikiɗar a zahiri. Kuma hanyoyin da suke bi ba ɗaya ba ne. Wani lokaci injin kwafin ne ke yin santsi ya maimaita haruffa a wurin. A Chile a 2002 wata H7N3 yankowa ta yi daga wani guntun nata, NP, ta liƙa a mayankar. A Kanada a 2004 daga guntun M aka yanko. Ta Mekziko a 2012 ita ta fi ɗaure kai, domin abin da ta liƙa daga RNA ɗin kazar kanta ta sato shi. A Pennsylvania ta Amurka kuwa a 1983, ƙwayar H5N2 tana da jerin kisan tun farko amma wani ɗan sikari da ke manne kusa da wurin ya tare shi, sauyi ɗaya ya cire sikarin, sai da aka hallaka kaji kimanin miliyan 17.

Yanzu ga wurin da nake so a lura. Masu bincike da suka bi tarihin irin wannan rikiɗa daga 1959 zuwa 2015 sun ƙirga guda 39, kuma 37 daga ciki a gonakin kiwo na kasuwanci suka faru. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A daji, ƙwayar da ta kashe agwagwa cikin kwana biyu ta kashe kanta, domin mushe ba ya tashi zuwa tafki na gaba. A ɗakin da aka cusa kaji dubu ashirin kafaɗa da kafaɗa, masu jini iri ɗaya, shekaru iri ɗaya, suna shan ruwa a mazubi ɗaya, ko kazar ta mutu gobe ta riga ta shafa wa ɗari, saboda haka zafin kisa ba ya jawo wa ƙwayar asara. Kafin 2002 sau ɗaya tak aka taɓa rubuta babbar mutuwar tsuntsayen daji daga irin wannan cuta, a Afirka ta Kudu a 1961, inda H5N3 ta kashe tsuntsayen teku kimanin 1,300.

Zuriyar da ta addabi duniya yanzu, wadda ta faro a matsayin H5N1, an fara ganinta ne a jikin dinyar gida a lardin Guangdong na ƙasar Sin a 1996. Shekara ɗaya bayan nan ta kama mutum 18 a Hong Kong, shida suka rasu, hukumomi suka yanka duk kajin yankin, sama da miliyan ɗaya. Ba ta mutu ba, ta ci gaba da yawo a kasuwannin kaji masu rai da garken agwagwar gida da ake sakewa a gonakin shinkafa, wanda nan ne mahaɗar gida da daji. Ƙarshen 2002 aka ga tsuntsayen ruwa na mutuwa a wuraren shaƙatawa na Hong Kong, sannan a 2005 aka yi ta tafkin Qinghai a ƙasar Sin, tsuntsaye sama da 6,000, akasarinsu dinyar daji mai ratsi a kai. Daga Qinghai sai Siberiya, Kazakistan, Turkiyya, Romaniya, sai kuma a watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ita a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna, karon farko a nahiyar Afirka. A cikin watan dai aka same ta a Magariya ta Nijar da kuma Masar. Da aka karanta gadon ƙwayoyin Najeriya sai aka ga ba sau ɗaya suka shigo ba, rassa daban-daban ne, kuma masana sun yi ta ja-in-ja kan ko tsuntsaye masu ƙaura ne ko cinikin kaji da 'yan tsaki. A Burkina Faso a shekarar har ungulu ta kamu, a Legas kuma a Janairun 2007 wata matashiya ta rasu.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, shi wannan laƙabin na "mai tsananin kisa" da kaza ake auna shi. Ƙa'idar hukumar lafiyar dabbobi ta duniya ita ce a yi wa 'yan kaji allurar ƙwayar, idan ta kashe kashi 75 cikin ɗari ko sama, ko kuma aka ga jerin nan a mayankar HA, to ta shiga ajin masu kisa. Wannan bai ce komai a kan agwagwa ko shaho ko kwasakwasa ba. Kuma hujjar hakan a ƙasarmu take. A 2007 masu bincike sun kama tsuntsaye a dausayin Haɗeja da Nguru, suka samu H5N2 mai ɗauke da jerin kisan a jikin kirinjijiya da dinya, tsuntsayen kuwa garau suke, har wata kirinjijiya da aka ɗaura wa na'urar bibiya ta tauraron ɗan adam ta ci gaba da yawonta makonni, ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne agwagwa tana da wani furotin mai suna RIG-I da ke gane RNA ɗin ƙwayar da wuri ya tayar da garkuwar jiki, kaza kuwa ba ta da shi sam. Ashe tsananin cuta ba na ƙwayar kaɗai ba ne, ya danganta da jikin da ta faɗa, ƙwayar da za ta share ɗakin kaji a kwana uku ita ce agwagwar daji za ta ɗauka ta haye teku da ita, ita ce kuma za ta kashe gaggafar da ta ci mushen.

To me ya sauya daga 2020? Mutane da sun ji an ce ƙwayar cuta ta rikiɗa sai su ɗauka harafi ɗaya ne ya canza. A ganina abin da ya fi aiki a nan shi ne musayar guntaye. Idan ƙwayoyin mura iri biyu suka shiga sel guda a jikin agwagwa guda, wajen haɗa sabbin ƙwayoyi guntayen takwas-takwas ɗin cakuɗewa suke, kamar yadda bakaniken Fanteka zai haɗa maka mota da injin wannan, giyar waccan, wayarin wata daban, kuma ta tashi ta yi gudu. Haka wani reshe na zuriyar Guangdong ɗin nan da ake kira 2.3.4.4b ya yi ta yi. Da farko da N8 yake yawo, H5N8, shi ne ya mamaye Turai a 2016 da 2017, ya iso Kano a ƙarshen 2016, ya kashe tsuntsaye a bakin tafkin Victoria a Uganda, ya gangara Afirka ta Kudu. A 2020 sai ya ajiye N8 ya ɗauki N1 da wasu guntayen ciki daga ƙwayoyin agwagwar daji masu sauƙi, aka fara ganin wannan sabon H5N1 ɗin a Holan a ƙarshen shekarar. Wato HA mai kisa da aka ƙera a ɗakin kaji ya samu kayan ciki na ƙwayoyin da suka ƙware da zaman daji.

Akwai wata 'yar alama da ke nuna hakan. Ƙwayoyin da suka daɗe a jikin kaji sukan yanke wani sashe na kara ko sandar NA, ya gajarce, tsofaffin H5N1 na zamanin 2006 haka suke. Wannan sabon N1 ɗin sandarsa cikakkiya ce irin ta ƙwayoyin tsuntsayen ruwa, kuma masana da dama na ganin hakan na cikin abin da ya ba shi damar zama a daji da shiga jinsuna masu yawa. Da can annobar takan zo da hunturu ta lafa da bazara. A 2021 da 2022 ba ta lafa ba, ta zauna a Turai har lokacin da tsuntsayen teku ke taruwa su yi ƙwai a kan duwatsu da tsibirai, dubbai a manne da juna, kusan yanayin ɗakin kaji amma a fili.

Ɓarnar kam ba a magana. Janairun 2021 a gandun Djoudj na Senegal an tsinci gawar kwasakwasa kusan 750, akasari 'yan ƙanana. Disambar shekarar a kwarin Hula na Isra'ila dubban tsuntsaye dangin gauraka suka mutu. A Solway tsakanin Ingila da Sikotilan kusan kashi ɗaya cikin uku na dinyar da ke zuwa daga tsibiran Svalbard na arewacin Norway ta tafi a hunturu guda. A tafkin Prespa na Girka kwasakwasa sama da 1,700 a 2022. Abin da ke sa wannan ya fi ciwo shi ne tsuntsayen teku ba kamar kaji ko agwagwa suke ba, da yawansu ƙwai ɗaya suke yi a shekara, sai sun yi shekara huɗu ko biyar kafin su fara haihuwa, idan manya suka mutu maye gurbinsu aikin shekaru goma ne ko fiye. A 2022 ɗin dai ƙwayar ta sake wata musayar a Turai, ta karɓi guntaye uku, PA da NP da NS, daga wata H13 da ta saba da fararen tsuntsayen bakin teku masu bin jiragen kamun kifi, aka sa wa wannan haɗin suna BB, kuma a 2023 shi ya yi ta kashe irin waɗannan tsuntsayen a faɗin nahiyar. Ka ga a nan ba wani harafi ne ya canza a HA ba, kayan ciki aka sauya sai jinsin da ake kashewa ya sauya.

Ƙarshen 2021 ta haye tekun Atilantika ta sauka Newfoundland a Kanada. Tana isa ta fara musaya da ƙwayoyin agwagwar Amurka, kuma gwajin da aka yi a ɗakin bincike ya nuna wasu daga cikin sabbin haɗin sun fi wadda ta shigo muni a jikin dabbobi masu shayarwa, suna hawa ƙwaƙwalwa. Cikin shekara guda ta gangara Kudancin Amurka, ta kashe kwasakwasa da sauran tsuntsayen teku birjik a gaɓar Peru da Chile, ta faɗa wa dabbobin teku masu shayarwa, a Ajantina a 2023 kimanin jarirai 17,000 na irin manyan nan masu hanci kamar na giwa suka mutu a yankin Valdes, kusan duk haihuwar shekarar. Oktoban 2023 ta isa tsibirin South Georgia, Fabrairun 2024 aka tabbatar da ita a yankin Antatika kanta.

Nan ne sauye-sauyen harafi ɗaya-ɗaya suke shigowa, waɗanda ake yawan ambata a labarai. Mafi shahara shi ne E627K a guntun PB2, ma'ana a gurbi na 627 an canza amino asid ɗaya da wani. Injin kwafin ƙwayar yana buƙatar taimakon wani furotin na mai masaukinsa, ANP32A, kuma na yawancin tsuntsaye ya fi na dabbobi masu shayarwa tsawo da amino asid 33, saboda haka injin da ya saba da na tsuntsu ba ya sakewa a jikin dabba. E627K shi ke gyara wannan matsalar, ya kuma taimaka masa aiki a sanyin hancin mutum, wajen digiri 33, alhali hanjin tsuntsu ya haura 40. Akwai 'yan uwansa, D701N da T271A, wannan na ƙarshen an gan shi a Oktoban 2022 a Galisiya ta Sifen, a wata gonar da ake kiwon wasu ƙananan dabbobi masu kama da tunku saboda fatarsu. Amma a lura, waɗannan sauye-sauyen galibi a jikin dabbar suke tasowa bayan ta ci mushen tsuntsu, dila ko kyanwa, kuma sau da yawa su mutu tare da ita. Ba su ne ke sa tsuntsun daji mutuwa ba. Abin da ke tayar da hankali shi ne idan irin wannan ƙwayar ta koma jikin tsuntsaye ta ci gaba da yawo da sauyin, wanda ya taɓa faruwa, domin reshen Qinghai da ya iso mana a 2006 yana ɗauke da E627K.

Shingen da ya rage babba yana wajen HA. Ƙwayar tsuntsu tana manne wa wani irin sikari da ke saman sel, wanda ake kira alfa 2,3, saman hanyar numfashin mutum kuwa alfa 2,6 ya fi yawa. Sauyi a gurabe irin 226 da 228 na iya juya wannan zaɓin, kuma tun 2012 ƙungiyoyin Ron Fouchier a Holan da Yoshihiro Kawaoka a Amurka suka wallafa cewa sauyi 'yan ƙalilan sun isa su sa H5 yaɗuwa ta iska tsakanin dabbobin gwaji, aikin da ya jawo rigima sosai kan ko ya dace a yi shi ma. Shanun madara na Amurka da aka tabbatar sun kamu a Maris ɗin 2024 ba su buƙaci wannan juyin ba, domin hantsar saniya tana da irin sikarin tsuntsu, ƙwayar ta zauna a nono abinta, ta bi injin tatsa da safarar shanu ta shiga garke sama da dubu. Haɗin da ya shiga shanun sunansa B3.13. Wani haɗin daban, D1.1, wanda ya samu sabon N1 daga agwagwar dajin Amurka, shi ne ya kwantar da wata yarinya a Kanada a ƙarshen 2024, ya kuma kashe wani dattijo a Louisiana a Janairun 2025, kuma a jikin su biyun an ga alamun ƙwayar ta fara sauya HA ɗinta yayin jinyar, sai dai ba ta wuce zuwa wani ba. Daga 2003 zuwa yanzu mutanen da aka tabbatar sun kamu da H5N1 a duniya sun haura 900, kusan rabinsu sun rasu, kuma akasarinsu daga taɓa tsuntsu ne. A Azarbaijan a 2006 figar matattun tsuntsayen ruwa na daji ce ta jawo wa wasu iyalai cutar, abin da ya kamata mafarauta da yaran da ke tsintar tsuntsu a bakin fadama su sani.

Ni abin da ke ba ni haushi shi ne yadda wasu ke kawo shawarar a kori tsuntsayen daji ko a lalata musu wurin sauka. Hukumomin duniya irin FAO, ta abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sun daɗe suna cewa hakan ba ya aiki, tarwatsa su kawai zai yi su kai cutar wani wurin. Inda musayar guntaye ta fi samun dama a yankinmu shi ne kasuwar kaji masu rai, inda za ka ga kaza da zabo da agwagwa da talotalo da tantabara a keji ɗaya ko a jere, wanda bai sayu ba ya kwana, gobe a zubo sabbi a kansa, ga gidajen gona da ke ɗebo ruwan kaji kai tsaye daga tafkin da tsuntsaye ke sauka. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom ta ga dawowar H5N1 a Kano da Legas a 2015, sannan H5N1 na reshen 2.3.4.4b a 2021. A gefe guda kuma wata mura mai sauƙi, H9N2, ta zauna a kajin Afirka ta Yamma tun wajen 2017, ita kuwa H9N2 a Asiya ta yi suna wajen ba wa wasu ƙwayoyi kayan ciki, H7N9 da ta kashe ɗaruruwan mutane a Sin daga 2013 guntayen cikinta shida duk daga H9N2 ta samo su. A 2021 an gano H5N1 a Burkina Faso da ta riga ta karɓi guntun PA daga wannan H9N2 ɗin ta kajin yankin.